Abin da Dakta Ta Gani

An kaɗa ƙararrawar shiga aji, motar kayan ba ta iso ba. Ina tsaye a ƙofar baya ta makaranta, wadda masu kwasar shara ke bi, ina leƙen titi, wayata har ta ɗau zafi don kira. Direba ya ce mini yana hanya. Tun jiya da yamma yake hanya, wannan bawan Allah, kai ka ce daga bangon duniya ya taso.

Ranar ce sufeto za ta zo daga ma'aikatar ilimi ta duba ɗakin gwajinmu. In ta sa hannu, 'yan ajin kimiyya na shekarar ƙarshe za su zauna jarrabawar fita. In ta ƙi, an rufe ajin ke nan, a watsa yaran cikin ajin kasuwanci da na adabi, alhali 'yan watanni suka rage su gama. Ni ce malamar bayoloji, kuma a cikin yaran akwai 'yar yayana. Tun tana 'yar mitsitsiya take ɗaure wa kajin gidansu ƙafa da tsumma wai sun karye, shi ya sa kowa ke ce mata Dakta, har mu malamai.

Da yammacin jiyan ubanta ya biyo ta gidana daga garejinsa, hannu duk baƙin mai, ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Auta, ina jin ƙishin-ƙishin wai za a rufe musu aji."

Na ce, "Yaya, wa ke kai maka irin wannan magana? Ka kwantar da hankalinka, ai ina wurin."

Ya dube ni ya ce, "To. Ke kika ce a kai ta kimiyya, ni ban san komai a ciki ba. Yarinyar nan ko abinci ba ta ci da kyau saboda karatun nan."

Ya tafi ya bar ni da wannan a ƙirji.

Makarantar nan tamu kar ka ganta haka yanzu. Ita ce sakandaren gwamnati ta farko a duk yankin, iyaye da kansu suka ɗebo yashi da duwatsun da aka kafa ta. A zauren taro hotunan tsofaffin shugabanni na jere a bango, kowanne ya murtuke fuska kamar an ci masa bashin gaisuwa. Ɗakin gwajin kuwa, an ce a da har daga wasu garuruwa ake zuwa kallonsa. Wata damina iska ta yaye kwanon rufinsa, ruwa ya yi ta zuba a ciki har kaka. Abin da bai ruɓe ba ya yi ƙafa. Kafin a turo ni an mayar da rufi, amma kaya shiru. Dogayen teburan siminti ne kawai, da famfuna marasa ruwa, da bututun gas da zanzaro ya toshe da laka. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da bayoloji a ɗakin nan da alli kala uku.

Za ka ce to yaya ake tsallake sufeto? Ai kowa ya sani, faɗa ne dai ba a yi. Makarantun gwamnati na ɓangarenmu sun haɗa ɗan abin da ya rage wa kowa. Wannan ta ba da sikeli, waccan kwalaben gwaji, wata ta ba da ƙwarangwal na roba mai hannu ɗaya. Aka zuba su a akwatuna, duk inda sufeto za ta, kayan su riga ta. Tana gama dubawa shugaban makaranta ya tsare ta da abinci a ofis, Direba ya kwashe kaya ta ƙofar baya ya yi makaranta ta gaba. Sarkin kayan shi ne maikiroskof guda ɗaya tak, na'urar nan da ake leƙa ƙwayoyin da ido ba ya gani. Malamai na ce masa Ɗan Yawo, don ya fi kowannenmu sanin makarantu.

Ni abu ɗaya na roƙa, a kawo shi tun da yamma in samu in ɗora hannun yaran a kansa ko sau ɗaya ne. Shugabanmu ya ce ba matsala. Ba-Matsala ɗin ma shi ne sunan da yara suka laƙaba masa, don ko gobara ka kai masa labari abin da zai ce ke nan.

Can sai ga motar ta karyo kwana tana tari. Direba ya diro yana share zufa.

"Malama, wallahi taya ce ta..."

"Riƙe tayarka, malam! Buɗe baya!"

Yara maza suka yi caa a kan akwatuna, na bi su ina ihun a bi a hankali. Mun ce kowa ya zo da farar riga irin ta masu gwaji. Uwar Dakta tela ce, ta yanka sabon zanin gado ta ɗinka mata tata, har da aljihu biyu. Sauran kuwa kowa da inda ya samo, wani ta mai aski, wata ta mai kantin magani. Wani dogo da ke zama a bencin baya ya zo da ta kawunsa mahauci, da jirwayen jini a gaba. Na ce ya juya ta ciki waje, ya je ya tsaya bayan ƙwarangwal.

Muka jera kwalabe, muka tsayar da sikeli. Direba ya zaro Ɗan Yawo daga akwatinsa na katako, ya warware tawul ɗin da ya naɗe shi, ya ajiye a teburin da ke jikin taga, ya fice ya laɓe da motarsa bayan bishiyoyi. Na fito da albasar da na zo da ita a jaka, na yanka, na ɓare siririyar fatar nan ta ciki, na shimfiɗa ta a kan ɗan fallen gilashi da ɗigon ruwa daga gorata. Na tura gilashin a mazauninsa, na sunkuya zan ɗora ido ke nan, sai na ji takun takalma a baranda da muryar Ba-Matsala tana tashi.

Na miƙe tsaye ban leƙa ba.

Sufeto gajeruwar dattijuwa ce, da tabarau mai igiya a wuya da takalmi maras tsini. Yara suka miƙe suka gaishe ta da murya ɗaya, ta amsa da ka. Ba-Matsala ya gyara wuyan riga ya ɗauko karatun da ya saba yi wa baƙi.

"Ranki ya daɗe, wannan makaranta mai ɗimbin tarihi, an kafa ta ne tun..."

Ta ce, "Na sani. A nan na gama."

Ya haɗiye sauran. Ni kuwa na san wadda ta yi karatu a ɗakin nan lokacin da yake ɗaki ba za a yi mata rufa-rufa da kwalabe goma ba.

Ta fara zagayawa a hankali, hannu a baya. Ta murɗa famfo, ya yi tsaki ya yi shiru.

Ba-Matsala ya ce, "Yau da safen nan aka ɗauke ruwa, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Uhm."

Ta tsaya gaban ƙwarangwal ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda aka saba haɗuwa da shi a hanya, ta wuce. Dogon yaron nan na bayansa ya ƙame, ko numfashi ba ya yi. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta shinshina, ta ajiye. Daga nan ta miƙe sak zuwa teburin taga, ta tsaya a kan Ɗan Yawo.

"Wa zai nuna mini yadda ake aiki da wannan?"

Na yi wuf na matso.

"Ba ke ba, Malama. Ke ai an riga an ba ki takardarki. Koma jikin allo ki tsaya. Ɗalibi nake so."

Na koma. Ajin gaba ɗaya ya juya ya dubi Dakta, don a irin wannan rana ita ake turawa gaba. Ta fito cikin farar rigarta mai ƙamshin sabon yadi, ta tsaya ta haɗe ƙafafu. Sufeto ta fara nuna sassan na'urar da bakin biro tana tambaya, yarinya na amsawa tiryan-tiryan, ko gargada babu. Nan ake ɗora ido, wannan ake murzawa a kusanto da abu, wannan shi ke ƙara girma. Duk a allo na zana musu, duk sun haddace, har waƙa suke yi da sunayen in an fita hutun tara. Na fara jin numfashina na dawowa.

Biron ya sauka can ƙasa. "Wannan fa?"

"Madubi ne, ranki ya daɗe. Shi ke tara haske daga taga ya tura shi sama, ya ratsa abin da ake dubawa."

"In babu shi fa?"

"Ba za a ga komai ba, ranki ya daɗe."

Idona ya bi bakin biron, sai gabana ya yanke ya faɗi. Ɗan ƙaramin madubin nan na ƙasa a kife yake. Fuskarsa na kallon teburi, baƙin ƙarfen bayansa na kallon sama. Haka aka naɗo shi a tawul, ni kuma ban samu na leƙa ba balle in lura. Yarinyar ta faɗi aikinsa daidai, idonta na kansa, amma ba ta san a kife yake ba, don ba ta taɓa ganin yadda yake zama ba sai a zanen alli.

Sufeto ta ce, "Madalla. To leƙa, ki zana mini abin da kika gani a allo."

Dakta ta sunkuya ta ɗora ido. Ajin ya yi tsit, har ana jin 'yan aji ɗaya can nesa suna bin malaminsu karatu da ƙarfi. Ta daɗe a haka. Ta ɗago kaɗan, ta canza ido. Hannunta ya tafi kan abin murzawa, ta murza gaba, ta murza baya. A zuciyata ina ta cewa ƙasa, 'yar nan, kai hannunki ƙasa! Hannun ya sauko kamar zai je, ya tsaya a gefen teburi.

Na yi tari. Na sake yin wani, mai ƙarfi.

Sufeto ba ta ko waiwayo ba ta ce, "A ba Malama ruwa. Au, ashe an ɗauke."

Wasu yara suka yi 'yar dariya suka haɗiye. Zufa ta karyo mini tun daga tsakar ka har gadon baya. Na san abin da yarinyar nan ke gani a cikin bututun can, duhu ne kawai. Abin da ya rage mata ta ɗago ta ce ba ta ga komai ba. To in ta faɗi haka, ta gaya wa sufeto ke nan cewa gwanar ajin ba ta taɓa leƙa maikiroskof ba sai yau.

Ta miƙe. Fuskarta ba ta nuna komai ba, sai dai leɓenta na ƙasa da ta cije. Ta tako zuwa allo, ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba, ta ɗauki farin alli.

Ta fara zana. Layuka a miƙe, ɗaki-ɗaki a jere kamar bulon gini, kowanne da ɗigo a tsakiyarsa daidai wa daida. Ta ɗauki jan alli ta cike ɗigon, ta ɗauki shuɗi ta ja kibau ta rubuta sunaye. Zanena ne sak, wanda nake yi musu kowace shekara, har da ɗan lanƙwasar da hannuna ke yi a kusurwar dama. Da a takardar jarrabawa ne ba mai rage mata ko rabin maki. Yara suka saki ajiyar zuciya, Ba-Matsala ya washe baki ya fara tafi shi kaɗai.

Sufeto ta zare tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta, ta sunkuya ta ɗora ido a kan Ɗan Yawo. Tafin ya mutu. Ban san iya lokacin da ta ɗauka ba. Ta ɗago, ta mayar da tabarau, ta dubi allo, ta dubi yarinya.

"'Yata, abin da kika gani ke nan?"

"E, ranki ya daɗe."

"Kin tabbata?"

A nan ne Dakta ta dube ni. Idon nan ya ciko, yana tambayata abin da za ta ce. Ban gyaɗa kai ba, ban girgiza ba, na tsaya kamar an dasa ni.

Ta ce, "Na tabbata."

"To. Malama, zo ki duba aikin ɗalibarki."

Na taho ina tunanin in na sunkuya zan goga madubin da gefen hannu kamar ban sani ba, ya juyo. Ina isa na tarar ta riga ta ɗora tafinta a gindin na'urar, yatsunta a gefen madubin. Tsohuwar nan ba ta bar mini ko ƙofar allura ba.

Na ɗora ido. Baƙi ƙirin, kamar ka leƙa cikin tukunya a rufe. Ba abin da nake gani sai inuwar gashin idona.

"Kin gani?"

In na ce duhu ne, na ƙaryata 'yar yayana a gaban ajinta, na kuma miƙa wa matar nan hujjar rufe ajin da hannuna. Yarinya ta riga ta shiga ruwa saboda mu, ni ce zan tsaya a tudu in ce ban san ta ba? Raina ya ɓaci, wallahi, ban ma san da wa nake fushi ba, da Direba, da Ba-Matsala, da iskar da ta yaye rufi, ko da kaina.

Na ce, "Na gani, ranki ya daɗe."

"Kamar yadda ta zana?"

"Kamar yadda ta zana."

Ban kai ga ɗagowa ba na ji ɗan ƙaramin ƙas a ƙasa. Haske ya daki idona, fari fat, har sai da na runtse. Da yatsa ɗaya ta juya madubin.

Ta ce a hankali, yadda ni kaɗai da 'yan layin gaba za mu ji, "Yanzu fa?"

Na kasa ɗaga kai. Kunya ta rufe ni tun daga sama har ƙasa, na ji da ma simintin nan ya tsage in shige. A bayana na ji alli ya faɗi ya karye, na san Dakta ta gane. Ba-Matsala kuwa, da yake lissafin kasuwanci ya karanta, bai fahimci komai ba, sai cewa yake, "Ai yaranmu haziƙai ne, ranki ya daɗe."

Sufeto ta yi ɗan rubutu a takardarta, ta rufe, ta ce su je ofis. Ya yi gaba da sauri yana buɗe mata hanya. Da ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta yafito ni. Na je ina jan ƙafa, na shirya jin duk abin da za ta faɗa.

Ta ce, "Na san shugabanku ya tanadar mini abinci. Yau da yunwa na zo, a hankali zan ci. Ki gaya wa direbanku ba sai ya yi gudu ba."

Ta juya ta tafi. Ba ta ce ta sa hannu ba, ba ta ce ta ƙi ba.

Ko ƙurar takalminta ba ta kwanta ba sai ga Direba ya faɗo ta ƙofar baya da akwati a ka.

"Yauwa, a miƙo, a miƙo! Malamin makaranta ta gaba ya kira ni ya fi a ƙirga." Ya kai hannu zai ɗauki Ɗan Yawo.

Na ce, "Ka taɓa shi in mayar da kai ɗan'uwan wancan." Na nuna masa ƙwarangwal mai hannu ɗaya. "Uban wa ya ce ka kifa madubin?"

Ya ja da baya. "Haba Malama, ai kullum haka nake yi, don kar ya fashe a ramuka. Ko'ina na kai, malamai ke juya abinsu."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ma ta ƙara ƙona mini rai. Na ce ya kwashe kwalabensa da sikelinsa da gawarsa, amma wannan sai na sallame shi. Na sunkuya na murza a hankali har abin ya fito tar, sannan na ce yara su yi layi, kowa ya leƙa ya ba na baya wuri.

Suka yi layi har bakin ƙofa, ana ture-ture. Ta farko ta leƙa ta yi baya da sauri kamar an tsikare ta, ta sake komawa. Dogon nan mai rigar mahauta ya lanƙwashe kamar zai karye, ya ɗago ido waje.

"Kai! Malama, duk wannan a cikin albasar da muke ci?"

Wata siririya da ta zo kan layi ba ta leƙa ba, ta tsaya tana murza yatsu. "Malama, an rufe mu ko?"

Na ce, "Leƙa ki ba mutane wuri."

Kunnena na can wajen ofis, duk ƙofar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Wayar Direba na ta kuka a aljihunsa, yana zagaye ɗakin yana huci, yana cewa shi fa za a zaga.

Layi ya kusa ƙarewa na lura Dakta ba ta ciki. Tana can ƙarƙashin allo a tsugune, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi, zanen na bisa kanta. Na je na tsaya a gabanta.

"Tashi ki leƙa."

Ta girgiza kai. Ta ce, "Na yi ƙarya, Malama. Ta kuma sani. Ni na kashe ajin."

"Tare muka yi, tawa ma ta fi taki girma. Tashi, kafin mutumin can ya haɗiye mu."

"Me zan ce wa Baba?"

"Ni zan ji da Yaya. Tashi na ce!"

Na kamo hannunta na ja ta har teburin. Ta goge ido da hannun farar rigar, ta sunkuya ba da son ranta ba. Sai na ga kafaɗunta sun tsaya cak. Hannunta ya lalubo abin murzawa, ta taɓa shi kaɗan, ta mayar. Ta kai ɗaya hannun ƙasa ta karkata madubin, ta dawo da shi, ta sake karkatawa, tana kallon yadda haske ke tafiya yana dawowa. Ba wanda ya ce ta yi sauri, har Direba ya yi shiru.

Ana haka Ba-Matsala ya faɗo ɗakin, hula a karkace, da maiƙo a baki.

"Ta sa hannu! Ta sa hannu! Ban gaya muku ba matsala ba?"

Ɗakin ya kaure da ihu. Yara na tsalle suna dukan tebura, 'yan mata na rungume juna, dogon nan ya ɗaga hannun ƙwarangwal yana gaisawa da shi. Ni kuwa na dafa teburi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har ƙwalla ta zubo mini. Za su yi jarrabawarsu, zan iya kallon idon Yaya.

Ba-Matsala ya tafa wa Direba. "Maza, maza, ta kusa wanke hannu!"

Duk wannan hayaniya Dakta ba ta ɗago ba. Na dafa bayanta na ce, "Kin ji? An sa hannu."

Ta yi magana idonta na kan na'urar. "Gwaggo."

A makaranta ba ta taɓa kirana haka ba. Na ce, "Na'am."

"Ba haka suke ba. Dogaye ne, a karkace, wani ya fi wani. Ɗigon ma ba a tsakiya yake ba, a gefe yake maƙale, wasu ma ban ga nasu ba." Ta ɗago ta dubi allo, ta sake duban gilashin. "Ko ɗaya babu mai kama da na allo."

"Na sani."

"To ranar jarrabawa wanne zan zana?"

Na sha zuwa wurin duba takardun jarrabawa, na san zanen da ke hannun masu ba da maki, na san abin da ke samun yaron da ya kawo musu ƙwayoyi a karkace.

Na ce, "Na allo za ki zana."

Ta dube ni ta ce, "To."

Ta mayar da idonta ta ci gaba da kallo, har Direba ya zo da tawul ɗinsa ya zare Ɗan Yawo daga ƙarƙashin fuskarta.